Warƙa Ɗaya Kullum: Yadda Yahudawa Ke Haɗuwa a Kan Talmud

Ranar 1 ga Janairun 2020, cikin sanyin hunturu mai ratsa ƙashi, filin wasa na MetLife da ke jihar Niyu Jasi a Amurka ya cika ya batse. Mutum kusan dubu 90 ne suka zauna a kujerun 'yan kallon ƙwallo, yawancinsu maza cikin baƙaƙen riguna da huluna masu faɗin baki, wasu da 'ya'yansu a gefe, mata kuma a nasu ɓangaren. Wasu dubbai sun taru a zauren Barclays da ke Brooklyn suna bi ta majigi. 'Yan sanda sun yi dafifi a kowace ƙofa, domin kwana huɗu kafin nan wani mutum ya kutsa gidan wani malamin Yahudawa a garin Monsey da adda, ya sassari mutane ana tsakiyar bikin Hanuka.

Sauka ce ta tara su. Shekara bakwai da wata biyar suka kwashe suna karanta warƙa ɗaya ta littafin Talmud kowace rana, gaba da bayanta, ba hutun Asabar, ba hutun biki, har suka kai ƙarshen warƙa 2,711. Aka karanta layukan ƙarshe, aka yi addu'ar da mai sauka ke yi wa littafin alkawarin zai dawo gare shi, filin ya ɓarke da rawa da waƙa. Kafin a watse wani malami ya buɗe warƙar farko ya soma daga tushe. Ana kiran wannan tsari Daf Yomi, kuma wannan ce saukarsa ta 13.

Taron filin wasa shi ne abin da kyamara ke so, amma sau ɗaya ake yinsa a shekara bakwai. Ainihin al'amarin yana can a ɗakunan majami'u kafin gari ya waye, da ofisoshi lokacin hutun cin abinci, inda mutum biyu ko goma ke zaune kan shafi ɗaya suna kai ruwa rana.

Littafin da ba ya karantuwa shi kaɗai

Talmud hawa biyu ne. Na ƙasa shi ne Mishna, tarin hukunce-hukuncen da aka daɗe ana riƙewa da ka, wanda Rabi Yahuda HaNasi ya tsara a yankin Galili wajen shekara ta 200 miladiyya. Ya kasu gida shida: noma da addu'o'i, ranakun biki, aure da saki, ɓarna da diyya da shari'a, hadayu, sai tsarki. Na sama shi ne Gemara, muhawarar da malamai suka yi ta tafkawa a kan Mishna har kimanin ƙarni uku, musamman a makarantun Sura da Pumbedita a ƙasar Babila, wato Iraƙin yau. Pumbedita tana kusa da inda Falluja take yanzu. Akwai wani Talmud ɗin da aka haɗa a Falasɗinu, ya fi gajarta, amma na Babila shi ya zama jigo.

Duk wanda ya taɓa zama a makarantar zaure gaban littafin fiƙihu mai matani a tsakiya da hashiya kewaye da shi zai gane fasalin shafin da kallo ɗaya. Matanin yana tsakiya cikin Ibrananci da harshen Aramaik. A gefen da ke wajen ɗinkin littafin akwai sharhin Rashi, malamin garin Troyes na Faransa da ya rayu daga 1040 zuwa 1105. A ɗaya gefen akwai Tosafot, sharhin jikokinsa da almajiransu, waɗanda sau da yawa aikinsu shi ne su nuna inda ba su yarda da kakan nasu ba.

Matanin kansa dunƙule yake, babu wasali, alamomin tsayawa kuma sai an laluba. Jimla ɗaya tana iya zama tambaya, tana iya zama amsa, tana iya zama ba'a, kuma sai mai karatu ya yanke da kansa. Ana cikin maganar wanda zai biya diyya idan sa ya tunkuyi saniya mai ciki, sai a zarce zuwa fassarar mafarki ko maganin ciwon haƙori ko labarin wani malami da matarsa, can kuma a dawo kan san. Sau da yawa ba a faɗin hukuncin ƙarshe. A wurare sama da 300 muhawarar tana ƙarewa da kalma ɗaya, teku, wadda ke nufin an bar maganar a tsaye. Littafin ma da tambaya ya buɗe: daga wane lokaci ake karanta addu'ar Shema ta dare?

Lambobin shafukan da kowa ke amfani da su yau wani Kirista ne ya kafa su, Daniel Bomberg ɗan asalin Antwerp, wanda ya buga cikakken Talmud a birnin Benis tsakanin 1520 da 1523. Maɗaba'ar iyalan Romm ta Vilna ta bi tsarinsa a bugunta na shekarun 1880, wanda shi ake ta kwafa har gobe. Saboda haka idan aka ce warƙa ta 84 a babin Bava Metzia, Bayahuden Maroko da na Ajantina wuri ɗaya za su buɗe. Ba don wannan daidaito ba, da dabarar Daf Yomi ba ta yiwu ba.

Shawarar wani matashin malami

A watan Agustan 1923 ƙungiyar Agudat Yisrael ta yi babban taronta na farko a Biyena. Rabi Meir Shapiro, ɗan shekara 36, malamin garin Sanok kuma ɗan majalisar dokokin Polan, ya miƙe ya kawo shawara: kowane Bayahude, ko'ina yake, ya riƙa karanta warƙa guda tare da sauran a rana guda. Hujjarsa biyu ce. Makarantu sun fi karkata ga wasu 'yan babuka masu daɗin muhawara, sun bar sauran suna shan ƙura, to wannan tsari zai bi ta kan kowanne. Sannan ya kwatanta matafiyin da zai yi makonni a jirgin ruwa, ya sauka a Niyu Yok bai san kowa ba, ya shiga majami'a ya tarar ana kan warƙar da shi ma ya kai, ya ja kujera ya zauna kamar ɗan gida.

Aka fara ranar 11 ga Satumban 1923, ranar sabuwar shekarar Yahudawa. Abin da ya ba shirin ƙarfi tun daga farko shi ne shugaban ɗariƙar Hasidawan Ger, Abraham Mordechai Alter, ya ɗauki littafin a gaban mabiyansa ya karanta warƙar farko. Dubban mabiyan suka bi sahu. An yi saukar farko a Fabrairun 1931 a Lublin, inda Shapiro ya gina katafariyar makarantar da sai ɗalibi ya haddace warƙa 200 kafin a ɗauke shi. Shi kansa bai ga sauka ta biyu ba, ya rasu a 1933 yana da shekara 46.

Bayan shekara shida sojojin Hitila suka shiga Lublin, suka ƙwace ginin, ɗakin littattafansa ya salwanta, mafi yawan ɗalibai da masu bin karatun a Polan kuma aka hallaka su. Ba wannan ne karon farko da aka yi wa littafin ɓarna ba. An ƙona amalanke 24 na kwafinsa a Paris a 1242, aka sake ƙona shi a Rum a 1553. Bayan yaƙi, malaman da suka tsira suna sansanonin 'yan gudun hijira a Jamus suka roƙi rundunar sojan Amurka ta taimaka a buga musu shi, domin cikakken kwafi ya yi wuyar samu a ƙasar. Aka buga shi a Heidelberg cikin mujalladi 19, aka kammala a 1950.

Abokin da zai ce maka a'a

Baƙon da ya shiga bet midrash, wato zauren karatu, abin da zai fara dukansa shi ne hayaniya. Ɗaruruwan mutane bibbiyu, fuska da fuska ko kafaɗa da kafaɗa, kowa na karantawa da ƙarfi cikin wani rauji na musamman, ana rangaji, ana nuni da babban yatsa, ana buga tebur. Wannan zaman bibbiyu shi ake kira havruta. Ɗaya ya karanta ya fassara, ɗayan ya tare shi: ina ka samo wannan? Idan haka ne, me ya sa a warƙar baya aka ce kaza? Malami yana zuwa daga baya ya ba da darasi, bayan ɗaliban sun riga sun gwabza da matanin da kuma junansu.

Talmud ɗin da kansa ya ba da labarin da ake kafa hujja da shi. Rabi Yohanan, babban malamin Tibariya, ya haɗu da Resh Lakish a Kogin Urdun lokacin yana ɗan fashi. Ya ja shi zuwa karatu, ya aurar masa da 'yar'uwarsa, suka zama abokan karatu. Wata rana gardama ta kaure a kan lokacin da ake ɗaukar takobi ko wuƙa a matsayin an gama ƙera su. Da Resh Lakish ya saɓa masa, sai Yohanan ya goranta masa cewa ai ɗan fashi ya san kayan aikinsa. Maganar ta yi zafi, Resh Lakish ya kwanta ciwo, ya mutu. Malamai suka turo wa Yohanan wani haziƙi, Elazar ɗan Pedat, don ya ɗebe masa kewa. Duk abin da Yohanan ya faɗa, sai Elazar ya kawo masa nassin da ke goyon bayansa. Yohanan ya fusata. Marigayin, in ji shi, kan kawo masa suka 24 a kan kowace magana, shi kuma ya ba da amsa 24, ta haka karatun ke buɗewa, yanzu kuwa an kawo mai gaya masa abin da ya riga ya sani. Ya yi ta yawo yana kuka yana kiran sunan abokinsa har hankalinsa ya gushe, shi ma ya bi shi.

Labarin yana da kaifi biyu, kuma masu karantarwa na gari ba sa ɓoye ɗayan. Ya nuna mai ilimi yana bukatar wanda zai musa masa. Ya kuma nuna musu yana kisa idan aka bar matani aka koma kan asalin mutum. A nan ne wannan karatu ke shiga gyaran hali, tun ba a kai ga babin da ke maganar hali ba. Wanda ke zama kullum da mutumin da zai ce masa bai gane ba, dole ya koyi haɗiye fushi, ya koyi cewa na yi kuskure tun da safe kafin ya sha shayi, gobe kuma ya dawo kujerar.

Akwai wani wurin a Talmud da ke cewa almajiran manyan malamai biyu, Hillel da Shammai, sun yi shekara uku suna jayayya, aka tabbatar dukkansu suna kan gaskiya, amma aka bi hukuncin gidan Hillel saboda sauƙin kansu da kuma al'adarsu ta fara kawo maganar abokan hamayya kafin tasu. Mishna ma takan adana ra'ayin mutum ɗaya da aka rinjaya, ko wata kotu ta gaba za ta bukace shi.

Orit Kent, mai bincike a Jami'ar Brandeis, ta ɗauki zaman havruta da dama a bidiyo ta yi nazarinsu. Ta ga zaman da ya yi kyau yana tafiya ne tsakanin abubuwa masu jan juna: saurare da bayyana ra'ayi, sakin tunani ya yi yawo da tattara shi wuri ɗaya, mara wa aboki baya da ƙalubalantarsa. Idan ɗaya ya rinjayi ɗaya zaman ya lalace, ko ya koma hira ko ya koma faɗa. Ita da Elie Holzer sun fitar da littafi a kan haka a 2013. Ko da yake ana yawan cewa al'adar ta kai shekara dubu biyu, masana tarihi irin su Shaul Stampfer sun nuna cewa mayar da ita tsarin kowane ɗalibi a makarantu bai daɗe haka ba, ya bazu ne daga makarantun Lituwaniya na baya-bayan nan.

'Yan kasuwa da ma'aikata

Shapiro bai yi tsarinsa don malamai ba. Ya yi shi ne don mai shago da akawu da direba. Tun a Babila akwai wata biyu a shekara, Adar da Elul, da manoma da 'yan kasuwa ke ajiye aiki su cika makarantu. Daf Yomi ya ɗauki wannan ya yanka shi ƙanana ya raba wa kwanakin shekara.

Darasin yakan ɗauki minti 45 zuwa awa ɗaya. Mai jan karatun sau da yawa ba malamin majami'a ba ne, likita ne ko lauya ko mai sayar da kayan gini da ya raba dare yana shiri. A 1991 aka fara wani aji da ke zama a tarago na ƙarshe na jirgin ƙasan safe da ke tashi daga Far Rockaway zuwa tashar Penn a Manhattan. Rabi Pesach Lerner ne ya fara jansa, fasinjojin kuma sun yi sauka fiye da sau ɗaya a cikin jirgin.

Mutanen da suka shekara bakwai suna haɗuwa kowace asuba sun san wanda matarsa ba ta da lafiya, sun san wanda aka sallama daga aiki. Idan kujera ta kwana biyu ba kowa, za a buga waya. Idan ɗayansu ya yi rashi, akan sadaukar da karatun ranar ga mamacin, a wasu wuraren ma a raba babukan Mishna tsakanin jama'a don a sauke kafin cikar kwana talatin. Ilana Kurshan, marubuciya 'yar Amurka da ke zaune a Birnin Ƙudus, ta shiga Daf Yomi tana da shekara 27 bayan aurenta ya mutu. Littafin da ta fitar a 2017 ya bi rayuwarta babi bayan babi na Talmud, daga kaɗaici zuwa sabon aure da haihuwa, ya kuma ci kyautar Sami Rohr a 2018. Abin da ya riƙe ta a farkon lamarin bai wuce sanin cewa gobe akwai wata warƙar da ke jiranta ba.

Masu hisabin kai

Wasu tun tuni suka ga kaifin ƙwaƙwalwa bai isa ba. Mutum na iya warware mas'ala mai wuya da safe, da rana ya tauye mudu. Rabi Yisrael Salanter, wanda ya rasu a 1883, ya kafa harkar Musar a Lituwaniya a kan wannan damuwa. Ya buɗe ɗakuna na musamman inda 'yan kasuwa ke zuwa da yamma su karanta littattafan tarbiyya da murya mai sosa rai, suna maimaita jimla ɗaya har ta ratsa su. Ana tuna shi da abin da ya yi lokacin annobar kwalara a Vilna a 1848, da ya umarci jama'a su ci abinci a ranar azumin Yom Kippur don kada jikinsu ya raunana.

Cikin littattafan da harkar ta dogara da su akwai wanda Bahya ibn Paƙuda, alƙalin Yahudawa a Saragosa ta Andalus, ya rubuta da Larabci wajen 1080, Al-Hidaya ila Fara'id al-Ƙulub. Babukansa sun haɗa da tawakkali da ikhlasi da tawali'u da tuba da muhasaba da zuhudu, kuma masana sun daɗe da nuna yadda ya sha daga rubuce-rubucen Sufaye Musulmi na zamaninsa. Wani kuma, na Menahem Mendel Lefin da ya fito a farkon ƙarni na 19, ya aro tsarin halaye 13 na Benjamin Franklin: a ɗauki hali ɗaya a yi mako ana lura da shi, ana rubuta inda aka zame.

Yaƙin Duniya na Biyu ya kusa shafe harkar. Ta sake tsirowa a wani wurin da ba a zata ba, tsakanin Yahudawan Amurka da Kanada waɗanda yawancinsu ba su taɓa zama a makarantar addini ba. Alan Morinis, ɗan Kanada da ya karanci ilimin al'adun ɗan Adam ya kuma yi harkar fim har kamfaninsa ya durƙushe, ya kafa cibiyar Musar a 2004. Tsarin ƙaramar ƙungiya ce da ake kira va'ad. Ana ɗaukar hali guda, misali haƙuri ko godiya ko kame baki, a karanta nassi a kansa tare, kowa ya tafi da ɗan aikin da zai gwada a gida ko a ofis, da dare ya rubuta abin da ya faru. Tsakanin zama da zama yana ganawa da abokin karatunsa. Idan aka dawo, ba a ba wa kowa shawara sai ya nema, abin da aka faɗa a ɗakin kuma a ɗakin yake tsayawa.

Waɗanda a da ba a ba su kujera ba

Ƙarnuka da yawa Talmud na maza ne. Sarah Schenirer, wata tela a Krakow, ta buɗe makarantar 'yan mata ta Bais Yaakov a 1917, amma ba a koyar da Gemara a can. Nehama Leibowitz ta yi kusan shekara 30 daga 1942 tana aika takardun tambayoyi kan karatun Attaura na mako ta gidan waya, mutane na amsawa suna mayar mata, tana gyarawa da jan biro tana sake aikawa. Sai a 1977 Rabi Joseph Soloveitchik, jagoran Yahudawa masu riƙo da addini na zamani a Amurka, ya zauna ya ba da darasin Talmud ga ɗalibai mata a Kwalejin Stern ta Niyu Yok. Bayan shekara biyu aka buɗe cibiyar Drisha don zurfafa karatun mata.

Ranar 5 ga Janairun 2020, mutum fiye da dubu uku, galibinsu mata, suka cika babban zauren taro na Birnin Ƙudus don saukar mata ta farko mai wannan girma. Ƙungiyar Hadran ce ta shirya, wadda Michelle Cohen Farber ke cikin waɗanda suka kafa ta. Ita ce ta yi shekara bakwai da rabi tana jan darasin kullum a falon gidanta da ke Ra'anana, ana naɗa ana sawa a intanet. A unguwannin masu tsananin riƙo har yanzu ba a yarda da wannan ba.

Akwai kuma waɗanda ba su damu da ibada ba amma suka ƙi yarda a ce littafin ba nasu ba ne. Franz Rosenzweig ya buɗe gidan karatu na manya a Frankfurt a 1920 don Yahudawan Jamus da suka yi nisa da gida, inda likita ko masanin kimiyya ke jan darasi ba sai malamin addini ba. A Biritaniya taron Limmud, da aka fara a 1980, ya ginu a kan cewa kowa na iya koyarwa, kowa kuma ɗalibi ne. Ruth Calderon ta haɗa hannu aka kafa zauren Elul a Birnin Ƙudus a 1989, inda masu addini da marasa addini, maza da mata, ke karatu tare. Da aka zaɓe ta majalisar dokokin Isra'ila, jawabinta na farko a Fabrairun 2013 darasin Talmud ne. Ta ɗauko labarin Rab Rehumi, wanda ke komawa gida sau ɗaya a shekara, wata shekarar karatu ya ɗauke masa hankali bai koma ba, matarsa ta zubar da hawaye, rufin da yake zaune a kai ya rufta da shi. Ɗan jam'iyyar Shas ta masu tsananin addini da ke jagorantar zaman bai iya yin shiru ba, ya tsoma baki da nasa ƙarin bayanin, ta yi masa godiya ta ci gaba.

Inda ake ƙorafi

Sukar da ta fi daɗewa ita ce gudu. A manyan makarantu ana iya yin wata guda a kan warƙa biyu, to me mutum zai tsinta a minti 45? Wasu malamai tun zamanin Shapiro suna ganin wannan leƙe ne, kuma da yawa daga masu bin tsarin za su amsa cewa warƙar makon jiya ta riga ta gudu daga kansu. Sukar tana da gaskiya, sai dai ta auna abin da ma'aunin da ba nasa ba. Daf Yomi bai cika fitar da malamai ba. Abin da yake fitarwa shi ne mutanen da suka saba tashi, suka saba zama da wasu, suka saba jin ra'ayi biyu kafin su buɗe baki. Da yawa kuma sukan zube a babin Eruvin, na uku a jere, mai cike da lissafin iyakokin unguwa da tsakar gida a ranar Asabar.

Akwai kuma shafukan da ke da nauyi a kunnen mai karatun yau, kan mata, kan bayi, kan waɗanda ba Yahudawa ba. Mai bin warƙa-warƙa ba shi da damar tsallakewa. Wasu azuzuwan sukan wuce da sauri, wasu su tsaya su yi ta fafatawa, wasu su nemo ra'ayin da aka rinjaya a shafin su riƙe shi.

A Isra'ila maganar ta zama ta siyasa. A 1948 Firayim Minista David Ben-Gurion ya yafe wa ɗaliban addini kimanin 400 aikin soja. Adadin ya haura dubu 60, kuma a Yunin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa babu dokar da ta ba gwamnati damar ci gaba da yafe musu. Wannan rikici na masu karatu dare da rana ne, ya bambanta da na ma'aikacin da ke ware awa ɗaya.

Abin da ya fi sauya fuskar karatun a 'yan shekarun nan shi ne sauƙin samunsa. Adin Steinsaltz ya fara fassara Talmud zuwa Ibranancin zamani a 1965, ya sa wasali da alamomin tsayawa, bai gama ba sai 2010. Kamfanin ArtScroll ya fitar da fassarar Turanci mai mujalladi 73 ya kammala a 2005. A 2017 ɗakin karatu na intanet mai suna Sefaria ya saka fassarar Steinsaltz kyauta ga duk mai waya. Yanzu mutum na iya sauraren darasin yau a mota, cikin harshen da ya ga dama, har ya ƙara wa muryar malamin sauri.

Masu karatu sun ƙaru ƙwarai, amma da yawansu su kaɗai suke yi, kunne toshe da abin sauraro, ba mai tare su ya ce ina ka samo wannan. Shi ya sa wasu ƙungiyoyi suka koma aikin haɗa mutane. Partners in Torah takan haɗa gogagge da sabon shiga su riƙa karatu ta waya sau ɗaya a mako. Project Zug, ƙarƙashin cibiyar Hadar ta Niyu Yok, yana tambayar mai nema abin da yake son karantawa da lokacin da yake da sarari, sannan ya nemo masa aboki, sau da yawa a wata ƙasar, a ba su takardar nassi da tambayoyi su gana ta bidiyo. Lokacin kullen korona, wata biyu da 'yan kwanaki bayan fara zagaye na 14, azuzuwan majami'u sun koma Zoom, wasunsu kuma ba su dawo ɗaki ba har yau saboda sun samu mambobi a garuruwan da ba su da majami'a.